Fata ba ta amo sai da icce: kan akwatin wufa a motocin Boɗinga da Shagari

Duk makaɗin kotso ya san cewa fatar da aka ɗaura rabin aiki ce, sauran rabin yana jikin iccen da aka sassaƙa. Wannan ilimi, wanda ƙasar Sakkwato ta daɗe da shi, shi ne ake watsi da shi a hanyar da ta tashi daga birni ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega. Mai Golf ko Sharon ko Keke Napep yakan zuba kuɗi a wufa, wato babbar lasifikar nan mai fitar da amon ƙasa, sannan ya ce wa kafinta ya harhaɗa mata kowane irin akwati, in dai zai shiga but. Sakamakon shi ne ƙarar kwano maimakon kiɗa, da batir mai mutuwa, da haɗarin da ba a lissafa ba.

Dalilin akwatin a kimiyyance yake. Idan fuskar lasifika ta turo iska gaba, bayanta yana janye iska a lokaci guda. Amon ƙasa kuwa dogon zango gare shi: sautin da ke girgiza sau 40 a daƙiƙa tsawonsa ya haura mita 8. In ba a raba gaba da baya ba, sai su haɗu su kashe juna. Akwati ne ke raba su, iskar da ke kulle cikinsa kuma ita ke riƙe lasifikar kamar sifirin. Tun 1954 Edgar Villchur ya gina ƙaramin rufaffen akwati a Amurka bisa wannan dabara. A 1961 Neville Thiele na Ostareliya ya fitar da lissafin da Richard Small ya faɗaɗa daga baya, wanda da shi ne kamfanoni ke rubuta yawan litar iskar da kowace lasifika take bukata. Takardar tana cikin kwali. Ita ake fara jefarwa.

Masu cewa babba ita ce mai kyau sun ci karo da ƙa'idar da injiniyoyi ke jingina wa Anton Hofmann: ƙaramin akwati, da zurfin amo, da ƙarancin cin wuta, biyu kawai ake samu cikin ukun. Wufa mai inci 15 da aka cusa a akwatin da ya dace da mai inci 10 ta zama ingarman da aka ɗaure a akurki. Ita kuwa mai inci 8 ko 10, a rufaffen akwati na lita 15 zuwa 30 gwargwadon abin da takardarta ta ce, tana shiga ƙarƙashin kujera ko kusurwar but, kuma ƙuncin motar kansa yana ƙara wa amon ƙasa ƙarfi. Ƙarancin wuri ba uzuri ba ne.

Awon ma ba gagara-badau ba ne. Akwati mai santimita 40 da 35 da 30 daga waje lita 42 ne. In an yi shi da katako mai kaurin milimita 18, cikinsa lita 30 ne kacal, kafin a cire wurin da jikin lasifikar ya cinye. Kafintan da ya auna waje ya manta ciki ya yi kuskuren lita 12. Wanda ya yi aiki da siririn falanki, ya buga ƙusa ba gam, ya bar kafa iska na fita, shi kuma ya ƙera abin da zafin Afrilu da ramukan hanya za su wargaza kafin damina.

Da asarar ta tsaya a kuɗi, da da sauƙi. Akwai mai fitar da safaya don akwati ya samu wuri, ya kama hanyar Jega da dare da fasinjoji, yana fatan taya ba za ta yi faci ba. Akwai mai ajiye akwati a bayan kujera ba ɗauri. In mota mai gudun kilomita 80 a awa ta yi karo, akwatin zai taho da ƙarfin abin da aka sako daga tsayin mita 25. Akwai mai wayarin da ke jan siririyar waya daga batir ba fis, alhali amfilifaya mai wat 500 na gaskiya tana iya jan sama da amfiya 40. Wayar ta goge a jikin ƙarfe, gobara ke nan. Su kuwa dubban wat da ake bugawa a kwali da tambarin PMPO, ado ne na talla. Adadin RMS ne abin dubawa. Kunne ma yana da nasa haƙƙi: ma'aunin lafiyar ma'aikata na Amurka ya ƙayyade awa 8 ga ƙara mai desibel 85, amma minti 15 kacal ga mai desibel 100. Direban da ke wuni a mota shi ne farkon wanda zai biya.

Wasu za su ce ai sharholiyar samari ce, a hana kawai. Hani ba zai hana matashi son kiɗa ba, sai dai ya bar aikin a hannun masu ƙiyasi. Abin da ya kamata shi ne a ɗauki sana'ar da mutunci: ƙungiyoyin kafintoci da na masu wayarin su sa awon lita da ɗaura fis cikin abin da yaro zai iya kafin a yaye shi, makarantun fasaha su koyar da shi, mai mota kuma ya biya ladan lissafi kamar yadda yake biyan kuɗin katako. Garin Shagari ya haifi malamin kimiyya tun kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Abin kunya ne a ce a ƙasarsa ana ƙera akwatin sauti da ido, alhali tef ɗin awo yana rataye a wuyan kafinta.