A, C ko D: Wa Ya Zaɓa Maka Seri?

Ƙanwata Hadiza ta ci bak bana, da maki mai kyau kuma. Tun tana firamare take cewa likitanci za ta karanta. Sai ranar da muka zauna haɗa takardun jami'a ta gano ƙofar a rufe take: bak A gare ta, sashen likitanci kuwa masu bak ɗin kimiyya yake ɗauka, C ko D. Ta yi kuka. Ni ma da na yi jami'a na ji kunya, don ban taɓa zama da ita na tambaye ta ba.

Ƴan uwa, mu daina ruɗin kanmu cewa a taminal ake zaɓen makoma. An gama zaɓen tun bayan BEPC, ranar da aka tura yaro ɗan shekara goma sha biyar ko sha shida segwand A ko segwand C. Daga C ake rabuwa zuwa C da D a aji na gaba. Wanda ya shiga A, da wuya ya dawo. Hadiza ba ta gaza a lissafi ba. Ƙawayenta ne suka tafi A ta bi su, wani mushe kuma ya ce mata "C wahala ce ga mace". Magana guda, ta ci mata shekara uku.

Ba na raina A, kar a juya mani magana. Lauyoyi, alƙalai, ƴan jarida da malaman tarihi, da yawa daga can suka fito. Abin da nake ƙi shi ne a shiga don tsoro ko don rashin sani. Wanda ke mafarkin EMIG a Yamai, ko likitanci a Jami'ar Abdou Moumouni ko ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ya kamata ya san hanyar tun yana aji huɗu na kwaleji.

Akwai kuma ɗaya kuskuren, na iyaye. Baba ya ji an ce C ta masu ƙwaƙwalwa ce, sai ya dage. Alhali a C lissafi da fizik ne ke da nauyin maki, a D kuwa ilimin halittu. Yaron da zai haskaka a D sai ya yi ta jan ƙafa a C, ya maimaita aji, ya samu bak da ƙyar. Wuraren da ake tacewa kuma ba sunan seri kawai suke dubawa ba, suna duba makin da ka ci. Shekaru ma suna iya hana ka wata gasar ko wani burs.

Sannan wane zaɓi ne ga ɗan ƙauye, in lise ɗinsu ba ta da ajin C saboda babu malamin lissafi? Ɗan mai hali a Yamai yana da makarantar kuɗi da mai koya masa a gida. Ɗan manomi abin da ya tarar shi ne rabonsa. Wannan aikin gwamnati ne, kuma za mu ci gaba da faɗa.

Kafin nan, mu da muka wuce ta nan muna da namu. Kowannenmu yana da ƙane ko ƙanwa a aji huɗu. Zauna da su wannan hutun, tambaye su abin da suke so su zama, buɗe kundin makinsu ku duba tare. Hadiza ta rubuta sunanta a sashen shari'a. Ƙaramarmu za ta yi BEPC baɗi, kuma mun riga mun fara maganar.