Malamin da Ya Daina Tambaya

A farkon shekarun 1940 wasu malaman makaranta da ma'aikatan En'e a Bauci suka riƙa zama suna muhawara kan mulki, adalci da makomar Arewa. Cikinsu akwai Sa'adu Zungur, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Aminu Kano, wanda a lokacin malamin Midil ne. Shi ne kuma ya kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Wato gwagwarmayar malamai a ƙasar nan ta tashi ne tare da karatu da tambaya.

Yau fa? Idan malaman Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi suka haɗu, zancen bai wuce albashi, ƙarin girma da bashin banki ba. Ba laifi ba ne, domin mai jin yunwa ba ya jin kira. Amma yaran da ke gabanmu ba su daina tambaya ba. Ɗan aji huɗu zai ce: me ya sa aka hukunta mu duka, alhali mutum ɗaya ya yi laifi? Wannan tambaya ce kan adalci, irin wadda masana suka ƙarar da rayuwarsu a kanta. Malamin da rabonsa da littafi tun jarrabawar N.C.E. ba shi da amsa sai tsawa.

Wasu na jin kalmar falsafa sai su ja baya, suna ganin baƙuwa ce mai gurɓata aƙida. To ai a Kanon nan Almagili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan haƙƙin da ke wuyan mai mulki, a nan kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Liya'ul Hukkami. Zaurukanmu sun daɗe suna karantar da manɗiƙi.

Shawararmu ga shugabannin reshe ita ce a ware Asabar ɗaya a wata, a aji ɗaya na wata firamare a Tarauni. A zaɓi littafi guda, kowa ya karanta, ya zo da tambaya ɗaya. Kada a yi babban teburi ko babban baƙo. Hedimasta da sabon ɗauka su zauna benci ɗaya. A sa zaman da hantsi, don malamai mata su samu halarta. Muna ganin a fara da Shaihu Umar, tunda malami ne ya rubuta shi, gajere ne, kuma kwafi biyar za su zagaya mutum ashirin kafin wata ya ƙare.