Ra'ayinmu: Ɗingishin yaro ba ragwanci ba ne

Jama'a, kaka ta yi, an ɗaure dammunan hatsi, kuma daga Bambai zuwa Barmu da Afala ba abin da kake ji da dare sai ganga. Lokacin kokowa ne. Mu mutanen Tawa ba baƙi ba ne a wannan fage, domin a garinmu aka yi kokowar takobi ta farko a shekarar 1975, inda Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya zama sarki. Tun daga ranar kowane yaro a Adar yana mafarkin takobi, wanda bai yi kokowa ba kuwa yana bayan balo har magariba. Muna murna da haka. Amma yau muna son mu yi magana a kan yaron da ya dawo gida yana ɗingishi, aka ce masa ya daure, namiji ne.

Ga abin da lokotoro suka sani. Gaɓar kwatangwalo kamar turmi da taɓarya take: kan ƙashin cinya zagayayye ne, yana juyawa cikin wani gurbi. A jikin yaro, wannan kan ƙashi bai gama ƙosawa ba sai wajen shekara 16 zuwa 18. In aka ɗora masa aiki mai tsanani kullum ba hutu, tun daga wajen shekara 12, yakan yi tudu a gefe. Tudun nan wani bai damunsa har abada, wani kuwa yana gugar guringuntsin gurbin sannu a hankali, har mutum ya kasa tsugunno tun bai tsufa ba. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, tun yana ɗanye kuma yake karkacewa.

Akwai wasu biyu da suka fi gaggawa. Wani lokaci kan ƙashin yakan zame daga mazauninsa, sai ka ga yaro yana tafiya ƙafa a karkace waje, yana kukan gwiwa, alhali ciwon a kwatangwalo yake. Na biyu shi ne emasi, wato sikila: jini yakan kasa kai wa kan ƙashin, har ya mutu ya lotsa. Waɗannan ba targaɗe ba ne. Muna girmama maɗoranmu, amma ja da murza ba sa maido da ƙashin da ya zame, sai ma su ƙara ɓata shi. Radiyon ƙashi ke nuna su.

A shekarar 2022 masana daga ƙasashe da dama, a ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Okisfod ta Ingila, sun tsara jerin abubuwan da ya kamata a fara bincikawa game da kwatangwalon matasa ƴan wasa, kuma rigakafi na cikinsu. Sai dai yawancin binciken da suka dogara da shi, a kan ƴan ƙwallon Turai aka yi, masu takalmi da filin ciyawa. Namu yaran a kan rairayi da tsakuwa suke, ƙafa ba takalmi, bayan sun wuni a gona ko tura amalanke.

Don haka muna kira ga ma'aikatar wasanni, da makarantar INJS ta Yamai, da sashen likitanci na Jami'ar Abdu Mumuni, da babbar likitar Tawa, su fara da tambayoyinmu. A ƙirga tsofaffin ƴan kokowar Adar, a ga nawa ne ke fama da kwatangwalo. A gano daga shekara nawa ya dace yaro ya fara horo mai nauyi, da kwana nawa zai huta a mako. A aje littafi a filin kokowa na Hamidin Maidare, a riƙa rubuta duk wanda ya ji rauni. A auna jinin yaro kafin a sa shi cikin ƙungiya. Littafi da alƙalami ba su kai kuɗin kyautar dare guda ba.

Iyayenmu mata da ƴan kasuwa, ku ma da naku. Ku ke biyan kuɗin magani, ku ke liƙa jika a goshin ɗan kokowa. In yaro ya yi kwana biyu ko uku yana ɗingishi, ko yana kukan matsematsi, ko gwiwa ba tare da ya bugu ba, a hana shi fage, a kai shi likita. Kada a haɗa ƙaramin yaro da ƙato don ƴan kallo su yi shewa. Attajirin da ke ɗaukar nauyin wasa, ya sa sharaɗin a haɗa tsara da tsara.

Kowa ya san jarin Ba'adare ƙarfinsa ne. Da shi yake noma a kan dutse, da shi yake tafiya biɗa Abijan, ya aiko abin sawa a tukunya. Takobi mutum guda ke ɗauka a shekara, sauran dubban duk gida za su koma da ƙafafunsu. Mu tabbata sun koma da su lafiya.

Allah ya kare mana ƴaƴanmu, amin.