DAREN DA ELLA TA MANTA DA WAƘA

Jama'a, akwai wata magana da nake yawan ji a bakin samarinmu, a Legas ne ko a Ibadan, wai waƙa baiwa ce kurum, wanda Allah Ya ba murya ba ya bukatar ya zauna a ƙarƙashin kowa. Ni dai ban yarda ba, hujjata kuwa ita ce Ella Fitzgerald, baƙar fatar Amurka, wadda ta shahara a waƙar jaz.

Ran 13 ga Fabrairu, 1960, Ella ta tsaya gaban dubban mutane a birnin Balin na Jamus, tana da shekara 42. Ta ɗauko wata waƙa mai suna Mack the Knife, tana tsakiya sai baitocin suka ɓace mata. Da wani ne da ya daburce. Ita kuwa ba ta tsaya ba, nan take ta shiga ƙaga nata baitocin bisa kiɗan, tana yi wa kanta ba'a, har da kwaikwayon muryar Louis Armstrong. Faifan da aka ɗauka a daren nan ya jawo mata lambar Grammy biyu.

To, daga ina wannan ƙarfin hali ya fito? Ba a Balin ta same shi ba. Marainiya ce, tana 'yar shekara 17 ta ci gasar sababbin mawaƙa a gidan wasa na Apollo da ke Harlem cikin 1934. Shekara na zagayowa ta shiga babbar ƙungiyar Chick Webb, wani gwanin ganga, mai makaɗa da masu busa fiye da goma. A gidan rawa na Savoy ta yi ta waƙa dare bayan dare, inda 'yan rawa ba sa yi wa kowa kara. Nan ta koyi sauraron ganga, da sanin inda za ta shiga da inda za ta bar wa mai kakaki fili. Da Webb ya rasu cikin 1939, ita ta riƙe ƙungiyar har 1942.

Watau shekara bakwai ke nan tana cin kwakwa kafin ta tsaya da ƙafarta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan ƙungiyoyin nan suka yi ta watsewa, don albashin mutum goma sha ya fi ƙarfin masu su. A ganina asarar ta wuce ta makaɗa, makaranta ce aka rufe.

Yau yaro kan shiga ɗaki shi da kwamfuta, ya fito da waƙa kafin magariba. Ba laifi. Amma a ɗora shi kan dandali, na'ura ta tsaya, mu ga abin da zai yi. Ella ta rasu cikin 1996, faifan Balin kuwa yana nan. Duk mai son waƙa ta zama sana'arsa, ya neme shi ya saurara, sa'an nan ya je ya nemi ubangida.