Daga Zamfara zuwa Jega: kuɗin haya, fuloti da tambayar bindiga

A Amurka ba abin mamaki ba ne mutum ya sayar da gidansa a Kalifoniya, ya loda kayansa a mota ya nufi Arizona ko Teksas, idan aka tambaye shi dalili ya kawo guda biyu: gida ya fi araha a can, kuma dokar bindiga ta fi sassauci. Lissafinsa yana kan hanya, domin a ƙasarsu kowace jiha tana da nata dokokin makamai, a ƙarƙashin 'yancin da gyara na biyu na kundin tsarin mulkinsu ya bayar tun 1791. A Kalifoniya wanda ya sayi bindiga sai ya jira kwana 10 kafin a miƙa masa ita. A Teksas kuwa, tun watan Satumba na 2021, baligin da doka ba ta haramta wa riƙe makami ba yana iya yawo da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Wanda ya tsallaka iyakar jiha a can ya shiga wata dokar ke nan.

Wannan lissafi yana da ɗan'uwa a yammacin ƙasar Hausa. Magidancin da zaman Gummi ko Bukkuyum ko Anka ya gagare shi, ya fara tunanin kwashe iyalinsa zuwa jihar Kebbi, Jega da Aliero da Maiyama suna cikin garuruwan da za su faɗo masa a rai. Hanya ce da kakanninsa suka sani: gulbin Zamfara da ya ratsa ƙasar Gummi shi ne ya wuce ta Jega, kuma har zuwa 1991 duk jiha ɗaya ce, Sakkwato, kafin a yanke Kebbi a wannan shekara, a yanke Zamfara a 1996. Tambayoyin da zai yi wa ɗan'uwansa da ya riga shi zuwa ba su da yawa. Nawa ne hayar ɗaki biyu a Sabon Gari? Nawa ne fuloti a bayan gari? Sai ta uku, wadda ake yi da murya ƙasa-ƙasa: a nan ana barin mutum ya ajiye abin kare kansa?

Tambaya ta uku ita ce mafi sauƙin amsawa, kuma ita aka fi yi wa gurguwar fahimta. A Najeriya babu jihar da ta fi wata sassaucin dokar bindiga, saboda babu jihar da ke da dokar bindiga tata. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sanya makamai da harsasai da abubuwa masu fashewa cikin jerin al'amuran da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Dokar da ke aiki ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ta girmi 'yancin kan ƙasar, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na yaƙi da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Wanda aka kama da irin wannan ba izini, ɗaurin shekara 10 ne mafi ƙarancin abin da ke jiran sa. Akwai na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai kuma bindigar toka da danginta, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. A wannan rukuni na ƙarshe ne kawai jiha ke da ta cewa, domin dokar ta ba kwamishinan 'yan sanda dama, da amincewar gwamna, ya wajabta neman lasisi kafin a riƙe ta. Wato iyakar bambancin da doka ta yarda ya kasance tsakanin Gusau da Birnin Kebbi shi ne a kan bindigar maharba.

An gwada wannan iyaka a fili a watan Yuni na 2022. Gwamnatin Bello Matawalle ta sanar da mutanen Zamfara cewa su nemi bindiga su kare kansu, ta ce za ta raba fom 500 ga kowace daga cikin masarautu 19 na jihar, ta kuma umarci kwamishinan 'yan sanda ya ba da lasisi ga waɗanda suka cancanta. Ba a daɗe ba babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi, rundunar 'yan sandan jihar kuma ta ce dakatarwar da aka yi wa bayar da lasisi tana nan. Kafin Matawalle, Aminu Bello Masari ya yi wa Katsinawa irin wannan kira a 2021. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake jaddada cewa an dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Gwamnoni biyu sun buɗe baki sun ce wa talakawansu su ɗauki makami, kuma ko harafi ɗaya na dokar bai motsa ba.

Abin da ya bambanta daga jiha zuwa jiha shi ne yadda hukuma ke kau da kai. A ƙauyen da aka kai wa hari sau uku a damina guda, babu jami'in da zai tsaya tambayar ɗan banga takardar bindigarsa. Idan sassauci ake nema, to a nan yake, kuma abin lura shi ne daga irin waɗannan wurare mutane ke gudu. Ba-Amurke yana ƙaura zuwa inda aka fi sake wa bindiga fuska. Bazamfare yana barin inda aka fi sake mata fuska ne, yana neman garin da zai kwana bai ji ƙararta ba.

Masu goyon bayan a ba kowa makami suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Suna cewa dokar 1959 mai bin doka kaɗai ta kwance wa ɗamara, ɗan bindigan daji bai taɓa cike fom ba, kuma rashin adalci ne a hana manomi abin da gwamnati ta kasa ƙwacewa daga hannun wanda ke kashe shi. Duk wanda ya san abin da ya faru a makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni na 2021, inda aka kwashi ɗalibai da malamai da rana tsaka, ba zai yi wa wannan hujja dariya ba.

Sai dai jihar Kebbi da kanta ta ga abin da ke faruwa idan farar hula suka fuskanci mayaƙan daji. A watan Maris na 2022 an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba na masarautar Zuru, aka kashe fiye da 60. A watan Nuwamba na 2024 mutanen Mera da ke ƙaramar hukumar Augie sun bi sawun Lakurawa da suka kore musu shanu, aka rasa mutum 15. Jarumtarsu ba abin shakka ba ce. Amma lasisin da ake fafutika a kai, ko da an buɗe shi gobe, bindigar farauta zai ba mutum, ita kuwa ba ta ja da AK-47. Idan kuma aka ce a halatta wa kowa irin ta yaƙin, to tarihin Zamfara yana nan a matsayin shaida. Rikicin da ya faro da satar shanu ya zama na ramuwar gayya ne bayan da ƙungiyoyin sa-kai suka fara yanke hukunci da hannunsu a kasuwanni da rugage, ba tare da bambance mai laifi da marar laifi ba. Abin da ya sa gwamnonin da suka biyo baya suka canza salo ke nan: Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a farkon 2024, Sakkwato ma ta kafa tata a shekarar. Ana iya sukar waɗannan runduna, kuma akwai abin suka. Amma suna da rajista da albashi da shugaban da za a iya kira ya yi bayani, abin da bindigar ƙarƙashin gado ba ta da shi.

Batun gida ya fi wannan sarƙaƙiya. Gaskiya ne a ƙa'ida haya da fili sun fi sauƙi a hedikwatar ƙaramar hukuma bisa babban birnin jiha, kuma Jega tana da abin da ya fi araha muhimmanci, wato hanyar cin abinci. Mahaɗa ce: titin da ya taso daga Sakkwato ta Tambuwal ya ratsa ta ya nufi Koko da Yauri da Kontagora, wani kuma ya ɓalle zuwa Birnin Kebbi. Kasuwarta tsohuwa ce. Aliero da ke maƙwabtaka ta yi suna a noman albasa da cinikinta, da masu ɗorin karaya da ake zuwa wurinsu daga nesa, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a 2006. Wanda ya iya dako ko ɗinki ko tireda ba zai rasa abin yi ba.

Amma arahar tana da ramuka. Jami'a tana jawo ɗalibai da ma'aikata, su kuma suna ɗaga farashin ɗaki. Siminti ba ya sanin ƙauye: lokacin da buhu ya haura naira 10,000 a farkon 2024, har da kuɗin dako ya iso wa mai gini a Maiyama, ga tsadar mai tun bayan cire tallafi a watan Mayu na 2023. Fulotin da ya fi kowane sauƙi kuwa sau da yawa shi ne wanda ya gangara wajen fadama, kuma ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafar Kebbi ta nuna abin da gulbi ke iya yi idan ya cika. Ɗan gari ya san inda ruwa ke kwanciya. Baƙon da ya zo da rani, a gigice, da kuɗin shanun da ya karyar, sai abin da dillali ya gaya masa.

Sai maganar takarda. Sashe na 43 na kundin tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin mallakar gida ko fili a ko'ina a Najeriya, sashe na 41 kuma ya ba shi 'yancin zama inda ya ga dama. Amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta. Shi ke ba da shaidar mallaka a yankunan birni, ƙaramar hukuma ke ba da izinin gargajiya a karkara, kuma sayar da filin da ke da shaidar gwamna yana buƙatar amincewarsa. Takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu tana da daraja a gaban jama'a, ba ta kai waccan ƙarfi ba a gaban kotu. Bayan wannan akwai wadda ta fi ciwo, takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Da ita ake neman aikin gwamnatin jiha da tallafin karatu da rangwamen kuɗin makaranta. Kebbi ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 75,000 a 2024, amma ɗan da aka haifa a Jega ga mahaifi Bazamfare yana iya girma ya tarar ana tura shi Bukkuyum ya karɓo takarda daga garin da bai taɓa kwana ba. Wanda ya koma Teksas daga Kalifoniya, da ya cika sharaɗin zama ya canza lasisin tuƙi, ya zama ɗan jiha. A nan ana iya haihuwar jika ana kiran gidan na baƙi.

Jega ce ya kamata ta fi kowa fahimtar wannan, in aka dubi asalinta. Buhari ɗan Abdussalami Bagimbane ne ya kafa ta wajen 1820, bayan rikicin da ya ci mahaifinsa ya tarwatsa jama'arsa, aka yi sulhu aka ba shi wurin zama a ƙarƙashin Gwandu. Mutanen da yaƙi ya raba da gidajensu ne suka tayar da garin, baƙin fatake kuma suka raya kasuwarsa.

Saboda haka muhawarar da ta dace da wannan yanki ba ta lasisin bindiga ba ce. Kwanciyar hankalin da Jega da Aliero da Maiyama ke da shi, idan aka kwatanta da Danko-Wasagu ko yammacin Zamfara, shi ne ainihin abin da baƙo ke biya idan ya miƙa kuɗin haya, kuma abu ne mai iya gushewa: Augie ma a jihar take. Hanya mafi sauri ta ɓatar da shi ita ce unguwanni su tsiro a bayan gari ba tsari, ba wanda ya san wa ya shigo, kowane gida da abin da ya ɓoye a rufin ɗaki saboda tsoron da ya taho da shi. Laifin ba na mai gudun hijira ba ne. Wanda aka ƙona wa rumbu yana da dalilin rashin yarda da alkawarin kowa.

Abin da ke hannun jiha ya fi yadda ake zato yawa. Dokar 1978 da ta ba gwamna ƙasa ita ce ta ba shi ikon yanka fulotai a kan tudu, a fitar da tituna da magudanai, a sayar a farashin da aka sanar, da takardar da kotu za ta karɓa, kafin 'yan kashe-mu-raba su riga shi. Uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni, tun daga fadar Sarkin Kabin Jega, suna iya riƙe rajistar sababbin mazauna kamar yadda magabatansu ke sanin baƙon da ya sauka a zango da wanda ya tsaya masa. Ƙaramar hukuma tana iya karɓar shekarun zama da biyan haraji a matsayin hujja wajen rabon guraben makarantun da ke ƙarƙashinta. Ita kuma bindigar toka, wadda ita kaɗai doka ta bar wa jiha, kwamishinan 'yan sanda da gwamna suna iya sa a yi mata rajista ta hannun sarakunan maharba da shugabannin 'yan banga, a san guda nawa ne a kowace gunduma da kuma wanda ke riƙe da kowace. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran sa hannun Abuja.