Haƙurinmu ne jarinsu: kwana 23 ba intanet a Faransa

Yau ƙorafi na zo da shi, kuma ku shirya, rabinsa a kanmu zai faɗa.

Duk sa'ad da rezo ya ɗauke a Maraɗi ko Damagaram, sai ka ji wani ya ce: "Ai da Turai ne, da tuni an gyara." Ni ma na sha faɗin haka, har a gaban makiro. To na je Lyon ƙaro ilimin aikin rediyo, na gani da idona. Kwana 23 cur na yi ba intanet a ɗakina, alhali kowane wata kamfani na zare yuro 30 daga asusuna na banki. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, ke nan kusan jika 20.

Wata safiya fitilar akwatin intanet ta koma ja. Na buga tarho. Na'ura ta ce danna 1, danna 2, sannan aka sa mini kiɗa na kusan minti 40. Wanda ya ɗauka ya ce in kashe akwatin in kunna. Na ce na yi sau biyar. Ya ce in sake. Daga ƙarshe aka ba ni randebu: mai gyara zai zo tsakanin ƙarfe 8 da 12. Na bar darasi na zauna, ko kantin burodi ban leƙa ba. Ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Da yamma sai ga saƙo wai an zo ba a same ni ba! Sau biyu ana mini haka. Kuma duk kiran da na yi, sabon mutum ne, sai in faro labari daga tushe kamar ba su taɓa jin sunana ba.

Mi ya jawo? Manyan kamfanonin can ba su ne ke aiko ma'aikatansu ba. Suna ba ƙananan kamfanoni kwangila, su ma su ba wasu, kuma ana biyan mai gyara ne bisa yawan gidajen da ya haɗa. Wani ya zo haɗa wa sabon maƙwabci layi, ya buɗe akwatin wayoyi na bakin titi, ya cire nawa ya sa nasa, ya kama gabansa. Matsala ce sananniya a Faransa, har hukumar da ke sa ido kan sadarwa, Arcep, ta sha jan kunnen kamfanoni a kanta.

Kada wani ya ce ai intanet ne kawai. Ga wanda ke zaune waje, wannan layin shi ne hanyar gida. Hajiyata ba ta karatu, saƙon rubutu bai mata amfani. Abin da ta saba shi ne bayan isha'i ta ga fuskata a WhatsApp. Da forfen wayata ya ƙare, kiran ya koma na gaggawa ba hoto, sai ta sa ƙanena ya tambaye ni ko ciwo nake yi nake ɓoye mata. Rahoton da nake aiko wa gidan rediyo kowane mako kuwa, a ƙofar ɗakin karatu nake tsayawa cikin sanyi in tura shi.

Amma wallahi abin da ya fi ƙona mini rai daga bakin ƴan uwana ya fito. Da na ba da labari a cikin ƴan Nijar da ke can, sai nasiha ta ko'ina: "Yi haƙuri, kai baƙo ne." "Kar ka ja magana, ka tuna da takardunka." Jama'a, mi ya haɗa takardar zama da faktir ɗin intanet? Kamfani ba hukumar shige da fice ba ne, ɗan kasuwa ne da ya ci kuɗinka bai ba ka kaya ba. An ce mahaƙurci mawadaci, gaskiya ne, amma a wannan cinikin kai ke haƙurin, kamfani ke wadatar. Sun san in suka gajiyar da mutum da kiɗa zai bari, musamman baƙo mai jin tsoron a raina Faransancinsa.

Wata tsohuwa a benenmu ce ta fishe ni. Ta ce: "Daina kira, rubuta." Na rubuta wasiƙa, na jera ranakun da na kira, ranakun randebu da kuɗin da aka cire, na aika ta gidan waya, irin wasiƙar nan da sai mai karɓa ya sa hannu a dawo maka da shaida. Na ambaci cewa in ba a gyara ba zan kai maganar gaban mai shiga tsakani na harkar sadarwa, wanda ke duba irin wannan rigima kyauta bayan ka bi matakan ƙorafi na kamfanin a rubuce. Na kuma shigar da koke a shafin J'alerte l'Arcep, wanda aka buɗe a 2017. Ba ya warware matsalar mutum ɗaya, amma yana ƙirga laifin kowane kamfani. Kwana huɗu da isar wasiƙar aka gyara layi, aka mayar mini da kuɗin wata. Ashe ma doka na bayana ban sani ba: tun dokar Chatel ta 2008, in ka nemi yanke kwangila, kamfani ba zai ja ka fiye da kwana 10 ba.

Darasin da na dawo da shi ke nan. Kamfanonin can ba su fi na nan tsoron Allah ba. Abin da suke tsoro shi ne takarda mai kwanan wata da sa hannu. Mu ma muna da ARCEP tamu a Yamai. Mutum nawa a cikinmu ya taɓa rubuta mata? Forfe ya ƙare ba ka san inda ya tafi ba, ka zagi kamfani a fada ana shan shayi, ka kira mu a rediyo ka huce, gobe ka sake sayen wani.

Na san za a ce da yawa ba su iya rubuta Faransanci ba. Gaskiya ne, shi ya sa nauyin ke kanmu da muka yi lekol. Ka rubuta wa kanka, ka rubuta wa maƙwabcinka, ka ajiye kofi. Ku kuma ƴan uwa da ke waje, ko a Lyon kuke ko Abijan, ku ajiye kowane faktir da kowane saƙo tun daga ranar farko. Kuɗin nan da guminku kuka samo shi, kuma akwai mai jiransa a gida.

Allah ya sa mu gane haƙƙinmu.