Me Ya Sa Azzalumi Yake Tsoron Waƙa Da Alƙalami?

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, da yawanmu idan aka ambaci mawaƙi, wanda yake faɗo mana a rai shi ne maroƙi mai yi wa masu mulki bambaɗanci domin abin sawa a aljihu. Wannan ƙyama tana da dalili. Amma kuskure ne a yi wa kowa kuɗin goro, kuma tarihin Afirka ta Kudu ya ishe mu shaida.

Daga 1948 zuwa farkon shekarun 1990, 'yan tsirarun Turawa sun mayar da wariyar launin fata doka. A 1966 suka ayyana unguwar District Six da ke Cape Town ta fararen fata ce zalla, aka kwashe mutane fiye da 60,000, da Musulmi masu yawa a cikinsu, aka rushe gidaje, aka bar masallatai da majami'u tsaye a kango. An jibge wasu a Manenberg, sunan da Abdullah Ibrahim, wanda ya musulunta a 1968, ya raɗa wa kiɗansa na 1974, kiɗan da ya zama taken tarukan bijire wa gwamnati. Hukuncin kayan kiɗa na malamai ne, ba shi muke tattaunawa ba. Tambayarmu ita ce: gwamnati mai tankokin yaƙi, me ya sa ta soke fasfon Miriam Makeba a 1960, har ta hana ta halartar jana'izar mahaifiyarta? Alal haƙiƙa, azzalumi yana buƙatar shirun raunana fiye da yadda yake buƙatar bindiga.

Alƙalami ma bai tsira ba. Alex La Guma, haifaffen District Six, sai a Ibadan aka buga littafinsa na farko a 1962.

Ga kuma Imam Abdullah Haron, editan jaridar Muslim News, wanda ya rasu a hannun 'yan sanda ranar 27 ga Satumba, 1969, bayan kwana 123 a tsare. Hukuma ta ce wai faɗowa ya yi daga matakala. Da an yi shiru, da ƙaryar ta zauna daram. Barney Desai da Cardiff Marney suka rubuta littafi a kan kisan a 1978, iyalinsa kuma ba su daina bin kadi ba. A 2023, shekara 54 bayan rasuwarsa, kotu a Cape Town ta soke hukuncin farko, ta tabbatar cewa azabtarwar 'yan sanda ce ta kashe shi.